Kuɗin fanshon ma'aikata da man janareto

Tambaya: Ni ne manajan wata makaranta mai zaman kanta a Jos, ma'aikatanmu 22. Muna yankar kuɗin fansho daga albashinsu, amma idan iyaye suka yi jinkirin biya, mai makarantar yakan ce in sayi dizal da shi, za a mayar daga baya. Dukanmu Kirista ne, shi kuma ba ya sa kwabo a aljihunsa. Akwai laifi?

Amsa: Ɗan'uwa, akwai. Da zarar an yanke kuɗin nan ya tashi daga na makaranta, ya zama ajiya a hannunka. Yakubu 5:4 ya ce hakkin ma'aikatan da aka danne yana kuka, bai kuwa ware wanda ya danne da kyakkyawar niyya ba.

Dokar fansho ta 2014 ta ɗora kashi 8 cikin 100 a kan ma'aikaci, kashi 10 a kan mai aiki, a tura zuwa asusun fanshon ma'aikaci cikin kwanakin aiki 7 bayan biyan albashi. Wanda ya makara, tarar aƙalla kashi 2 cikin 100 ce duk wata. A ce kowa naira 80,000 ake masa lissafi a kai: kashi 8 da kashi 10 a haɗe 14,400 ke nan a wata, na mutum 22 kuwa 316,800. Wata 3 kawai, bashin ya haura 950,000. A nan "za a mayar" ke mutuwa, domin kuɗin sabon zango yakan tarar da haya da albashi suna jiransa. Malamin kuma yana asarar ribar da kuɗinsa zai haifa, wataƙila ba zai sani ba sai ranar barin aiki.

Ka fara da fitar da bashin suna-suna, wata-wata, ka kai wa maigidan a rubuce tare da jadawalin biya. Ku buɗe asusu dabam, ranar albashi a zuba kuɗin fanshon nan take, kada a cire sai da sa hannun mutum 2. Wannan ba zargi ba ne. Bulus ma bai yarda ya riƙe gudummawar Urushalima shi kaɗai ba (2 Korintiyawa 8). Kuɗin dizal kuwa a ware shi tun farkon zango.

Ma'aikatan ma a gaya musu gaskiya. Idan maigidan ya ƙi, kada ka sa hannu a takardar da ta ce an tura alhali ba a tura ba. Ma'aikatan suna da damar kai kuka PenCom, hukumar da ke kula da fansho ta ƙasa.