Tambayi Likita: shimfiɗar cikin takalmin sinobod, da yatsun da suka daina jin sanyi

Assalamu alaikum jama'a. Tunda hunturu ya kama a ƙasashen sanyi saƙonnin 'yan'uwanmu ɗalibai da ma'aikata dake can suka ƙaru, kuma da yawa akan abu ɗaya ne, wasan zamiya akan dusar ƙanƙara da allon nan da ake kira sinobod, da ciwon ƙafar dake biyo baya. Bari mu ɗauko su ɗaya bayan ɗaya.

Tambaya: Likita, na sayi takalmin sinobod sabo, mai shagon yace sai na ƙara sayen insol, wato shimfiɗar da ake sakawa a ciki. Ba cin kuɗi bane kawai?

Amsa: Ba lallai bane cin kuɗi ne. Wadda take zuwa da takalmin yawanci soso ne siriri a shafe, bata tallafe komai. Amma in kana wasan ka ƙafa bata ciwo, dunduniya bata ɗagawa a ciki, toh bar kuɗinka a aljihu.

Tambaya: Daga Kanada nake. Tafin ƙafata a shafe yake, bani da wannan ramin na tsakiya, kuma da nayi zamiya kaɗan sai tsakiyar tafin ya ɗau zafi kamar zai tsage. In sayi ta shago ko in je a auna ƙafata a yi min tawa?

Amsa: 'Yar'uwa fara da ta shago. Kamfanoni irinsu Superfeet da Sidas suna yinta hawa hawa, akwai ta mai shafaffen tafi, akwai matsakaiciya, akwai ta mai rami sosai. Ki jiƙa ƙafarki ki taka takarda, in sawun ya fito gaba ɗaya ki ɗauki mai ƙaramin tudu, kar ki ce bari in sayi mafi tudu don ta gyara min ƙafa, ba gyarawa zata yi ba, tokare ki kawai zata yi. Abinda zaki duba shine kwarmin dunduniya ya zama mai zurfi ya riƙe diddige gam, kuma ta ɗan lanƙwasa, don takalmin sinobod ya fi na sikii (zamiya akan siraran alluna biyu) laushi, mai tauri kamar katako wahala zata baki. Ki cire tsohuwar tukuna, ki ɗora ta akan sabuwar ki yanke daidai da ita, kar ki haɗa biyu a takalmi ɗaya. Wadda ake ɗumamawa a gina akan ƙafar mutum ta ninka kuɗi sosai, kuma ga yawancin masu ciwon tafi ko dunduniya bambancinta da ta shago ba wani mai yawa bane. Ta fi amfani ga wanda ƙafafunsa biyu basu zo ɗaya ba, ko ya taɓa karaya, ko an masa aiki. In kinyi sati biyu zuwa uku ciwon na nan, musamman in takun farko da asuba ne yafi zafi, ki ga likitan ƙafa.

Tambaya: Safa biyu nake sakawa saboda sanyi amma ƙafar ƙara sanyi take.

Amsa: Ai safa biyun ce matsalar, ta matse jini. Guda ɗaya doguwa ta ulu, banda ta auduga don tana riƙe gumi.

Tambaya: Likita ni ɗalibi ne a Kayseri, Turkiyya, muna hawa dutsen Erciyes da abokai. In na daɗe sai yatsuna su sage, suyi fari, bana ma jin sanyin. Abokaina suna goga min ƙanƙara a wajen wai tana dawo da jini, in mun koma masauki in kara ƙafar a jikin hita in shafa man zafi. Akwai wanda ya bani tiramadol don in jure. Wace insol ce zata magance wannan? Ni sikila ne amma na daɗe banyi ciwo ba.

Amsa: Ɗan'uwa, maganar insol ajiye ta gefe tukuna. Abinda ka saka a ƙarshen saƙonka shi ya kamata ya zo farko, kuma wallahi shi ya ɗaga min hankali.

Abubuwan dake tayar da ciwon sikila ai ka sansu tun kana yaro, sanyi, ƙarancin ruwa a jiki, gajiya mai tsanani, da ƙarancin iskar oksijin. Duk huɗun suna jiranka akan dutsen nan. Ƙololuwar Erciyes mita 3,917 ce, wajen zamiyar ma kansa ya haura mita 2,000, iskar can bata kai ta cikin gari ba, kuma mutum yana asarar ruwa ta numfashi baya jin ƙishi. Ga takalmi ya matse, jijiyoyin jini sun tsuke saboda sanyi, jinin naka kuma dama da ya rasa oksijin yake lanƙwashewa ya toshe ƙananan hanyoyi. Daɗewa baka yi ciwo ba baya nufin ka warke. Kar ka sake hawa sai ka zauna da likitan jini dake duba ka, ka faɗa masa tsayin wajen da awa nawa kake yi, in yace a'a toh a'a ne. Masu AS, wato waɗanda suka gaji sikila daga ɓangare ɗaya kawai na iyaye, su ma su ji, a wuri mai tsayi saifa tana iya toshewa, alamarta ciwo mai tsanani a gefen hagu ƙarƙashin haƙarƙari, wannan asibiti ne kai tsaye.

Sai yatsun. Fata tayi fari ko toka toka, ta daina jin komai, wannan sanyi ne ya fara cin nama, kuma daina jin sanyin shine mummunar alamar, mutane kuma sai su ɗauka sauƙi ne ya samu. Goga ƙanƙara kuwa, haba jama'a! Naman da ya fara daskarewa za'a ƙara masa ƙanƙara a kuma murje shi? Tsohuwar al'ada ce da likitoci suka daɗe da yin watsi da ita, murzawar yayyaga naman take daga ciki. Hita kuma ƙona ka zata yi baka sani ba tunda ƙafar bata ji, sai dai ka wayi gari da bororo, kuma kai ka san yadda gyambon ƙafa yake wahalar warkewa ga mai sikila. Man zafi fata kawai yake yaudara, baya ɗumama komai a ciki. Tiramadol ɗin nan kuma da muka sha fama dashi a gida shine har ya biku Turkiyya? Zai rufe maka ciwon da yake gargaɗinka, ya sa ka jiri akan gangara, yana ma iya jawo farfaɗiya. Ka mayar masa da abinsa.

Abinda ake yi shine ka shiga ɗaki, ka cire takalmi da jiƙaƙƙiyar safa, ka tsoma ƙafar a ruwa mai ɗumi digiri 37 zuwa 39 a ma'aunin Celsius, wani ya gwada maka da gwiwar hannu, kamar minti 30, kar a murza. Zai yi zafi in jini ya fara dawowa, haka yake. In ka san zaka sake fita cikin sanyin kar ka fara ɗumamawa, narkewa a sake daskarewa yafi ɓarna. Sigari da shisha a ajiye, suna ƙara tsuke jijiya. In fata tayi tauri, ko bororo ya fito, ko launi ya koma baƙi baƙi, ko jin bai dawo ba, asibiti a ranar, kar a jira gobe. Kai kuma da kake sikila, ciwon ƙirji, zazzaɓi ko numfashi sama sama, ka kira lambar gaggawa ta Turkiyya, 112, nan take. Ko a wannan satin ma ina so wani likita ya kalli yatsun nan da idonsa.

Tambaya: Ina da ciwon suga, zan iya sa insol mai batir dake ɗumama ƙafa?

Amsa: Alhaji in ƙafarka ta fara rage ji, a'a, zata iya ƙona ka baka sani ba. Likitanka ya gwada jin ƙafar tukuna, kuma duk dare ka duba tafinka da tsakanin yatsu.

Tambaya: Yatsana na uku da na huɗu suna zafi kamar na taka tsakuwa, da na cire takalmi sai ya lafa.

Amsa: Yayi kama da jijiyar dake tsakanin yatsun ce take matsuwa. Sassauta igiyar gaba, ka nemi insol mai ɗan tudu a bayan tushen yatsu, in gaban takalmin ne yayi maka kaɗan kuma sai dai canji. In ya wuce wata ɗaya je a duba.