Gidauniyar iyalinmu na son taimaka wa waɗanda guguwa ta shafa, ta ina za mu fara?

Malam, ka ce iyalinku sun ware kuɗi, kuna son taimakon ya daɗe yana amfani. Shawarata: kada ku juye shi duka a makon farko. A lokacin kowa na rige-rigen kai ruwa da barguna. Bayan shekara guda 'yan jarida sun watse, a nan ake neman mai taimako a rasa.

Dubi New Orleans ta Amurka. Guguwar Katrina ta 2005 ta sa ruwa ya shanye kusan kashi 80 cikin 100 na birnin. Da gwamnati ta fito da shirin Road Home na bai wa masu gidaje kuɗin gyara, mutane da yawa suka maƙale, domin gidajen gado ne, takardar na ɗauke da sunan kakan da ya rasu tuntuni. Ga bango da shatin ruwa har saman taga, ga kuɗin gyara, amma babu hujjar mallaka. Lauyoyin sa-kai ne suka riƙa warware wannan ƙulli. Biyan albashin lauya ba ya kyau a hoto, na sani, amma ni can zan zuba kuɗina.

Gidauniyar Rockefeller ma, wata babbar gidauniyar agaji ta Amurka, a 2006 tsarin sake gina birnin ta ɗauki nauyi, ta hannun gidauniyar 'yan garin. Ku ma ku nemi ƙungiyar da ke unguwar tun kafin guguwa, ku yi mata alkawarin shekara biyar, ku bar ta ta zaɓi abin da za a fara gyarawa.