Kafin ka ci bashin talla, karɓi wayar shago daga hannun ƙaninka

Wani mai sayar da kayan gyaran babur a Kano ya aiko da tambaya. Yana tallata kaya a WhatsApp da Facebook, yana aikawa Gusau da Azare har Maraɗi. Ƙaninsa ke riƙe da wayar shago, shi ke amsa masu saye, shi ke kai kaya tasha. Ana yawan dawo masa da kaya, wasu kuma su ce saƙo bai iso ba. Yana so ya ciwo bashin naira dubu 500 ya zuba a talla don ciniki ya ninka.

Malam, ajiye maganar bashin nan. Talla jama'a take kawowa, kai kuwa waɗanda suka riga suka zo ma sun gagare ka riƙewa. Matsalarka guda ce: ka sakar wa yaro ciniki ba tare da littafi ba. Ban ce yana cutarka ba. Amma yau in kaya suka ɓace, me za ka nuna masa? In ka ɗaga murya kuma, magana ta koma gida wajen Hajiya, ka zama mai ƙin ɗan'uwa.

Mai sayen fiston ta waya babur ɗinsa na kwance gaban bakanike, kullum balas, kuɗin da yake biyan mai babur, na taruwa a kansa. Ka aika masa wanda bai shiga ba, ka ƙara masa kwana uku. Ba zai dawo ba, kuma duk 'yan layinsu sai sun ji. Yi lissafi: a ce ribarka a fiston ɗaya 1,500, kuɗin mota 2,000. Zuwa, dawowa, sake aikawa, 6,000 ta tafi. Ribar fiston huɗu ke nan a kuskure ɗaya.

Kuma kuskuren daga rashin tambaya yake fitowa. “Fiston ɗin Boxer” ba oda ba ce. Boxer 100 ko 150? Sitanda ne, ko an gyara bulok ana neman fiston mai ƙarin faɗi, 0.25 ko 0.50? In CDI ne, wato ɗan akwatin da ke sarrafa wutar fulogi, a ƙirga ƙafafun soket, a kuma san na batir ne ko na kwayil. In sarƙa ce, lambarta na jikinta, 420 ko 428, haƙoran sifiroket ma a ƙirga su. Kada a karɓi ko sisi sai mai saye ya turo hoton tsohon kayan, in da hali a yi magana da bakaniken kansa. Ka faɗa masa gaskiya, wannan orijina ne, wannan mai bi masa ne, ga kuɗin kowanne, ya zaɓa.

Littafin kuwa na 'yan makaranta ma ya isa. Kowace oda layi ɗaya: kwanan wata, suna da lambar mai saye, kayan, kuɗin, tashar, sunan direba, lambar wayarsa da ta motarsa. Kuɗi su shiga asusun shago kaɗai, ban da Opay ɗin ƙaninka, kuma ka buɗe manhajar banki ka gani da idonka. Hoton rasit ba kuɗi ba ne, masu alat na bogi da shi suke cin kasuwa.

Batun sauri, daina cewa “yanzu-yanzu”. Motocin nesa da safe suka fi cika da wuri. Ka sa doka: wanda ya biya kafin magariba, kayansa na motar farko gobe. A ɗauki hoton ƙunshin da sunan mai shi a jiki, a tura masa tare da lambar direba kafin mota ta tashi. Fitila da madubi a cusa su cikin kwali mai kauri da takardu, don yaron mota buhun masara zai ɗora a kai, babu ruwansa.

Ƙaninka ka yanka masa albashi, ka ba shi aiki ɗaya: ɗaure kaya da kai su tasha, ya dawo da bayanan direba. Amsa masu saye kai za ka riƙe, ko wani yaron da ya san kaya. Bayan wata biyu ka buɗe littafin ka ƙirga oda nawa aka dawo da su da dalilin kowacce. In sun ragu sosai, gwada talla da dubu 20 daga cikin ribarka, ka kuma rubuta mutum nawa ta kawo.