Makarantarmu babu lab, ya zan koyar da kimiyya?

Malam ka ce babu lab a makarantarku, to ai ba sai ka jira ba. Jiƙa zoɓo ka tace ka rarraba a kofuna, matsa lemon tsami a ɗaya jan zai ƙara fitowa, zuba ruwan kanwa a wani sai ya koma kore-kore, shi kenan sun ga asid da bes da idonsu.

Fiziks kuma zare da dutse sun isa, su riƙa canza tsawon zaren suna auna lokacin lilo 20 da agogon waya, su zuba a Excel su zana giraf, g, wato yadda gudun abu ke ƙaruwa in yana faɗuwa ƙasa, zai fito kusa da 9.8. Titireshan kam, wato gwajin kemistiri na ɗiga asid a bes har su daidaita, dole ka nemo biyuret, bututun gilashi mai awo da ake ɗigawa da shi, ko aro ne, WAEC da NECO suna kawo shi a firaktikal.