Wane Irin Hoton Gini Ya Kamata In Biya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi fuloti a Agege, ina so in gina bene, ƙasa shaguna, sama gidan zama. Mai zanen gini ya ba ni zaɓi uku: zanen hannu mai ɗan launi, da farar siffar kwamfuta marar fenti, da wanda yake kamar an ɗauka da kyamara, wanda ya fi tsada. Wanne zan zaɓa? Daga wata mai karatu, Legas.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sa a kammala lafiya.

Shawarata ita ce ki fara da farar siffar, ko da yake ita ce ba ta ɗaukar ido. Da yake babu fenti, babu tayil, idonki zai tsaya a kan abin da ba ya gyaruwa bayan an zuba kankare: tsayin bene, faɗin baranda, girman tagogi, da inda matakala ta faɗo. Manhajoji irin su SketchUp da Revit suna iya nuna inuwar gini a kowace sa'a, don haka ki nemi a nuna miki ita da hantsi, da kuma ƙarfe 4 na yamma, ki ga ɗakin da rana za ta gasa. Zanen hannu kuwa na hirar farko ne, lokacin da ra'ayi bai zauna ba.

Mai kama da na kyamara, wanda ake fitarwa da manhajar Lumion ko V-Ray, yana da ranarsa, musamman idan za ki nuna wa masu neman hayar shago, ko za ki zaɓi launin fenti da na kwano. Amma nan ne na fi jin tsoro. Sau da yawa akan nuna gida da almuru, fitilu sun haskaka, ga ciyawa shar, ga itatuwan kwakwa, babu maƙwabci ko ɗaya, alhali kin san yadda gidajen Agege suke manne da juna. Ki ce a saka katangar maƙwabta, da magudanar ruwan ƙofar gida, da tankin ruwa, da mazaunin janareta, kuma a ɗauko ginin daga tsayin idon mutumin da ke tsaye a bakin titi. Farin fentin da ke sheƙi a allo ma, ki tambayi yadda zai kasance bayan daminar Legas biyu, domin laima da gansakuka ba sa raga wa bango.

Kada kuma hoto ya shagaltar da ke daga takardu. Hukumar LASPPPA, mai ba da izinin gini a jihar, taswirar gini mai awo take dubawa, tare da ta injiniya, kuma da su birkila zai yi aiki. Ki tabbata mai zanen yana da rajista da ARCON, hukumar rajistar masu zanen gini ta Najeriya, sannan ki ajiye hoton kusa da taswirar ki ƙirga tagogi da ƙofofi ɗaya bayan ɗaya kafin ki biya cikon kuɗinsa.