Daga Ringim zuwa Legas, a dawo a rana ɗaya?

Alhaji, ka tambaya ko za ka iya tashi daga Ringim ka je Legas ganin mai sayen riɗinka, ka kwana a gida a ranar. Yana yiwuwa. Na taɓa gwadawa, sai dai jikina ya gaya mini.

Jirgin sama ba shi ne wahalar ba. Daga filin Malam Aminu Kano zuwa Legas kusan awa ɗaya da rabi ne, kafin ka gyara zama an ce a ɗaura bel za a sauka. Wahalar a ƙasa take. Ni tun duhu na bar gida, sallar asuba ma a Gezawa na yi, katin shaida a aljihun gaba, don a filin jirgi sai ka nuna shi za ka wuce.

Filin Murtala Muhammed a Ikeja yake. In mutumin naka yana Apapa, cunkoson motoci kaɗai zai cinye maka wuni. Roƙe shi ku haɗu a Ikeja, ko da kai za ka biya kuɗin abinci.

Kuma ka guji Disamba da Janairu, lokacin hazo. Jirgina na dawowa na ƙarfe bakwai ne, bai tashi ba sai goma, muna zube a kujeru, waya ta mutu. Na sauka Kano tsakar dare, ina motar Ringim a wannan lokaci? A Kurna na kwana wurin ƙanena. Tuwon da uwargida ta ajiye mini, ɗumamensa na ci da hantsi.