Tambaya da Amsa: Za a iya goge min maganar ƙwaƙwalwa daga fayil ɗina na soja?

TAMBAYA

Salamu alaikum Malam, Allah ya ƙara basira. Don Allah a sakaya sunana. Ni a Amurka nake zaune, na yi aikin soja a nan daga 2005 zuwa 2009, sojan ƙasa, har Iraƙi an kai mu. Da muka dawo barci ya ƙaurace min, ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai in zabura, sai aka tura ni wajen wani likita a sansaninmu, wallahi zaman da muka yi da shi bai kai minti arba'in ba, kawai bayan wata biyu sai ga takardar sallama wai ina da matsalar ɗabi'a, haka aka rubuta ɓaro-ɓaro a DD-214 ɗina, Personality Disorder. To duk inda na je neman aiki suka ce kawo takardar sallama, ina miƙawa sai in ga fuskar mutum ta canza. Yanzu likitata ta ce abin da ke damuna firgicin yaƙi ne, PTSD, ba wancan ba. Ni dai so nake a goge komai da komai na maganar ƙwaƙwalwa daga fayil ɗin, kamar ba a taɓa yi ba. Ta ina zan fara?

Naku, wani tsohon soja.

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanena, sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara sauƙi. Bari in fara da wadda ba za ta maka daɗi ba: gogewar nan ta komai da komai da wuya ka same ta, kuma ni ko da a hannuna abin yake ba zan ba ka shawarar ka nema ba. Amma layin nan da ke hana ka aiki, shi kam ana gyara shi.

Abu biyu ka haɗe wuri guda. Akwai fayil ɗin asibiti, inda likita ya rubuta abin da ya gani ranar da ya gan ka, akwai kuma DD-214, ita ce wadda masu ɗaukar aiki ke gani. Fayil ɗin asibiti ba ya zuwa hannun mai kamfani haka kawai sai da izininka. Kuma dokar sirri ta 1974 da ta ba ka damar neman gyara a takardun gwamnati, kuskure na zahiri take gyarawa, kamar an saka maka takardar wani a fayil ko an rubuta kwanan wata ba daidai ba, amma ra'ayin likita ko da ya yi kuskure galibi ba a share shi, sai dai a liƙa bayaninka ko na wani likitan a gefensa.

To ga dalilin da ya sa na ce kar ma ka nema. Wannan shafin da kake ƙyama, inda aka rubuta ba ka barci, kana zabura, an rubuta shi ne kana cikin kaki bayan ka dawo daga Iraƙi, shi ne shaidarka mafi ƙarfi a gaban hukumar tsoffin sojoji ta VA cewa a bakin aiki ciwon ya same ka. VA ba ta biyan diyya a kan matsalar ɗabi'a, don a ƙa'idarsu ba a lissafa ta a ciwon da aiki ya jawo, amma tana biya a kan PTSD. Ka ga in ka goge shafin ka sare reshen da kake zaune a kai kenan. Alamomin su zauna inda suke, sunan da aka laƙaba musu shi za ka yaƙa.

Kuma ba kai kaɗai ba ne. Ƙungiyar tsoffin sojojin yaƙin Biyetnam ta fitar da alƙaluma cewa sama da mutum 31,000 aka sallama da wannan dalilin tsakanin 2001 da 2010, kuma a 2008 ofishin binciken majalisa, GAO, ya gano ba kullum ake bin ƙa'ida ba wajen irin wannan sallamar. A shekarar aka tsaurara, aka ce wanda ya je fagen daga sai wani likitan ya sake duba maganar, sai babban likitan rundunar ya sa hannu, kuma dole a duba ko PTSD ne. Kai a 2009 aka sallame ka, don haka abu na farko ka cika fom SF-180 ka nemi fayil ɗinka gaba ɗaya, na aiki da na asibiti, ka zauna ka bi shafi-shafi ka ga ko waɗannan sa hannun suna ciki. In babu, ka samu makami.

Hukumomi biyu ne ke irin wannan gyara. Ta farko mai sake duba sallama, fom ɗinta DD-293, amma shekara 15 kawai take ba mutum daga ranar sallama, naka ya cika tun 2024, don haka manta da ita. Taka ita ce hukumar gyaran takardun soja, ta sojan ƙasa ana ce mata ABCMR, fom ɗinta DD-149. A takarda shekara 3 ne daga lokacin da ka gano kuskuren, amma tana da ikon ɗauke wannan sharaɗin in adalci ya buƙata, kai dai ka rubuta dalilin jinkirin, ka faɗi ranar da likitarka ta gaya maka PTSD ne.

Wajen cika fom ɗin nan ne mutane ke kwafsawa, sai mutum ya rubuta "a share min komai", su kuma a ƙa'idarsu suna ɗauka abin da ke fayil daidai ne har sai ka kawo hujja, sai su ce ba ka kawo ba su rufe. Ɗauko DD-214 ɗinka ka duba can ƙasa. Akwati na 28 shi ne dalilin sallama, na 26 lambar sallama, na 27 lambar ko za a iya sake ɗaukarka. Su za ka ambata ɗaya bayan ɗaya, ka ce a canza na 28 zuwa Secretarial Authority, wato sallama bisa ikon sakataren rundunar, kalma ce da ba ta tona komai, a kuma canza lambar ta dace da shi. Sai ka haɗa da wasiƙar likitarka, ba mai layi biyu ba, wadda za ta ce ta karanta tsohon fayil ɗin kuma ga dalilin da ya sa take ganin alamomin 2009 na PTSD ne. Ka samu abokan da kuka je tare su rubuta yadda kake kafin tafiya da yadda ka dawo, haka iyali ma. Takardun yabo da na ƙarin girma duk ka saka, don ita matsalar ɗabi'a abu ce da ke bin mutum tun yana matashi, to wanda ya yi shekara uku ana yaba masa, yaushe ta tsiro?

Ka kuma ambaci umarnin da sakataren tsaro na lokacin, Hagel, ya bayar a 2014 da na Kurta, wani babban jami'in ma'aikatar tsaro, na 2017, su ne suka ce a riƙa sassautawa wajen duba ƙorafin masu matsalar ƙwaƙwalwa, na 2017 ɗin har ya ce bayanin bakin tsohon sojan shi ma hujja ne, kuma ya shafi dalilin sallama da lambobin nan.

Kar ka biya kowa tukuna. Ƙungiyoyin tsoffin sojoji irin su DAV da American Legion da VFW suna taimakawa kyauta, akwai kuma makarantun koyon lauya da ke da ofishin taimakon tsoffin sojoji. Sai haƙuri fa, amsa kan ɗauki watanni da yawa, wani lokacin ta haura shekara. Kafin nan duba cikin takardunka, DD-214 kala biyu aka ba ka, akwai gajeriya mai Member-1 a ƙasa wadda ba ta da akwatunan nan, akwai doguwa Member-4. In mai aiki bai ce lallai doguwar ba, miƙa masa gajeriyar.

Kuma duk daren da abin ya taso maka ya yi nauyi, kira 988 ka danna 1, layin tsoffin sojoji ne, dare da rana akwai mai ɗauka. Ka rubuto mana in fayil ɗin ya iso, mu ji ko sa hannun nan yana ciki.